Malam Aminu Kano: Malamin Makarantar Da Ya Koya Wa Malamai Neman Haƙƙi

Ma'aikacin da ke bin titin Aminu Kano a Wuse 2 kowace safiya, ko wanda ke sauka a filin jirgin sama na Kano da ke ɗauke da sunansa, galibi ɗan siyasa ya sani: jagoran NEPU, shugaban PRP, gatan talakawa. Ba kowa ne ke tuna cewa shekara takwas cur, daga 1942 zuwa 1950, Malam Aminu ma'aikaci ne mai jiran albashin ƙarshen wata ba, yana shiga aji da alli a hannu, yana da na gaba da shi da ke rubuta rahoto a kansa. A cikin waɗannan shekaru ne ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta farko da ta haɗe Arewa baki ɗaya, kuma a nan ya koyi duk dabarun da ya yi amfani da su a siyasa har ƙarshen ransa.

Gidan shari'a da makarantar boko

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, daga zuriyar Gyanawa yake, waɗanda aka sani da ilimin shari'a, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ta fara ɗora shi kan karatun Alƙur'ani. Ke nan tun yana ƙarami ya tashi a gidan da ake auna magana da hujja, ake kuma jin yadda ƙarar talaka ke tafiya a gaban alƙali.

A 1930 aka sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano a 1933. A can ya fara nuna halinsa, domin yana cikin jagororin ɗaliban da suka yi bore kan ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci da tsananin horo. A 1937 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a shekarar da ta biyo baya, ita ce kuma Barewa ta yau. Ya kammala a 1942 da shaidar koyarwa. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo na Hausa, yana amfani da raha wajen fallasa zalunci da ha'inci, abin da ya riƙe har bayan ya zama malami.

Bauchi: inda aka koyi magana a gaban manya

Aikinsa na farko shi ne koyarwa a Midil ta Bauchi. Can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi aiki tare da Malam Yahaya Gusau, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zame masa yaya kuma malami a fagen tunani.

Ya kamata a fahimci halin da malamin makaranta ke ciki a Arewar wancan zamani. Makarantun elementare da na midil suna hannun En'e, wato hukumar gargajiya, jami'an ilimi Turawa kuma na duba su. Malami na cikin 'yan tsirarun da suka iya karanta doka da kasafin kuɗi, amma ba shi da ta cewa a kan albashinsa, ko inda za a tura shi, ko abin da zai koyar. Idan ya yi ƙorafi shi kaɗai, amsar ba ta wuce sauyin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Tarbiyyar fada kuwa ta koya wa kowa cewa na ƙasa ba ya ɗaga kai ya tambayi na sama dalili.

A 1943 aka kafa majalisar taɗi a Bauchi da yardar jami'in mulkin mallaka, aka ba Malam Aminu sakatare. Ana zama ne a kai a kai, a tsayar da batu guda, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Malamai da ma'aikatan En'e da Turawa duk suna halarta. Shi ne mai aika takardun gayyata da tsara abin da za a tattauna. Ga mai kallo daga nesa, hira ce ta 'yan boko. Amma a nan ne ƙananan ma'aikata suka fara sabawa da abubuwan da kowace ƙungiya ke tsayuwa a kansu: a zo taro da ajanda, a jira izinin shugaba kafin magana, a kawo hujja maimakon zagi, a rubuta abin da aka yanke, a dawo a tambayi inda aka kwana.

Batutuwan sun fara da sauƙi, sannan suka yi nauyi. An tattauna tsarin mulki ta hannun sarakuna, aka soki lamirinsa a gaban waɗanda ke gudanar da shi. Da muhawara ta kai ga tambayar ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, majalisar ba ta ƙara tsawon rai ba. Malam Aminu da Malam Sa'adu ba su watse ba. Sun ci gaba da haɗa matasa masu ilimi, suna rubuce-rubuce a jaridu kan matsalolin talakawa. Darasin da ya ɗauka a nan bai bar shi ba: dandalin da hukuma ta ba ka aro, tana iya karɓe abinta ranar da ta ga dama, don haka dole masu neman gyara su mallaki nasu.

Landan da haihuwar ƙungiyar malamai

A 1946 ya sami tallafin karatu na shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya isa Ingila ne a lokacin da jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa, ke riƙe da gwamnati. Ya ga ma'aikata masu ƙungiya da asusu da wakilai a majalisa, ya ga malaman makaranta suna zama da hukuma a teburi guda ana ciniki kan albashinsu. Ya kuma cuɗanya da 'yan gwagwarmayar neman 'yancin Afirka da ke zaune a birnin.

Kudancin Nijeriya ya riga ya yi nisa a wannan fage. Tun 1931 aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, a Legas, ƙarƙashin shugabancin Rabaran Israel Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ta har 1954. Amma yawancin 'ya'yanta malaman makarantun mishan ne na Kudu, kuma ba ta yi tasiri a makarantun En'e na Arewa ba. Malamin da ke Maiduguri bai san abin da ke damun na Sakkwato ba, alhali ciwonsu ɗaya.

A Landan ne Malam Aminu da wasu malaman Arewa da ke karatu tare da shi, ciki har da Shettima Ajiram na Barno, suka aza harsashin ƙungiyar jin daɗin malaman Arewa. A 1948 ta tsaya da ƙafafunta a matsayin Ƙungiyar Malaman Arewa, shi kuma ya zama babban sakatarenta. Ita ce ƙungiyar ma'aikata ta farko da ta ratsa lardunan Arewa duka, ba tare da ta tsaya kan iyakar wata masarauta ba.

Abubuwan da ta sa a gaba ba su da hayaniya, amma suna da nauyi. Akwai haƙƙi da walwalar malami. Akwai bambancin albashi tsakanin malaman Arewa da takwarorinsu na Kudu. Akwai gyaran manhaja, domin malaman sun ɗauki abin da ake koya wa yara a matsayin lamarin da ya shafe su, ba na hukuma kaɗai ba. Sai kuma batun ko malaman makarantun mishan za su iya shiga, wanda ya tilasta wa ƙungiyar ta fuskanci tambayar ko sana'a ce ta haɗa su ko addini da asali.

Aikin sakatare a irin wannan ƙungiya aiki ne na haƙuri. Babu wayar hannu, hanyoyi ba su da kyau, malamai a warwatse suke cikin larduna goma sha biyu. Komai da wasiƙa ake yi, taro kuma sai lokacin hutun makaranta. Dole a lallashi malamin da ke tsoron a ce ya yi wa sarki tawaye, a nuna masa cewa rubuta takardar koke da sunan ƙungiya ba rashin ladabi ba ne, hanya ce da doka ta sani. Wanda ya saba tsugunawa ya roƙi alfarma, sai ya koyi zama a kujera ya nemi haƙƙi da lissafi a hannu. Wannan sauyi na ɗabi'a ya fi kowane ƙarin albashi tasiri, domin shi ne ya bi malaman zuwa duk inda suka tafi daga baya.

Kuma sun tafi da nisa. Yawancin waɗanda suka riƙe ragamar Arewa a shekarun neman mulkin kai daga aji suka fito: Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Kashim Ibrahim a Barno, Aliyu Makaman Bida a Bida, Shehu Shagari a lardin Sakkwato. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu ƙarƙashin Dokta R.A.B. Dikko kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC a 1951, da malaman makaranta ta cika, Malam Aminu ma yana cikin 'ya'yanta na farko. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Ko da yake hanyarsa da ta Malam Aminu sun rabu, dukansu biyu sun yi gwajin irin wannan magana ne a zauren taɗi na Bauchi.

Maru da ajiye aiki

Kafin 1949 ta yi nisa, an tura Malam Aminu ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, cikin jihar Zamfara ta yau. A takarda ƙarin girma ne. A zahiri kuwa an nisanta shi da Bauchi da abokan gwagwarmayarsa. Sai dai waɗanda suka tura shi sun damƙa masa abin da ya fi so, wato matasan da gobe za su watsu cikin ƙauyuka suna koyarwa. Daga Maru ya ci gaba da riƙe sakatariyar ƙungiyar malamai, bai kuma daina tanka wa hukuma kan abin da ya gani ana yi wa talakawa ba, lamarin da ya haɗa shi da manyan lardin.

A nan ya iso mararrabar da duk ma'aikacin gwamnati mai ra'ayi ya sani. Ƙungiyar malamai na iya neman albashi da gyaran manhaja, amma ba za ta iya sauya wanda ke karɓar haraji ko wanda ke naɗa alƙali ba. Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas a Kano, ciki har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, suka kafa NEPU. Malam Aminu yana tare da su a zuci, amma ƙa'idar aiki ta ɗaure shi. A watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aikin, yana da shekara 30, ya bar albashi da gidan gwamnati da fansho, ya kuma bayyana dalilansa a jarida don kada a yi masa fassarar da ba ita ba.

Abin lura shi ne bai ja ƙungiyar malamai ta zama reshen NEPU ba. Ya fita shi kaɗai, ya bar ta ga 'ya'yanta, waɗanda da yawansu suka bi NPC. Wannan ne ya sa ta rayu bayansa, ta ci gaba da aiki har 1972, lokacin da ƙungiyar malaman jihohin Arewa ta haɗe da NUT aka zama ƙungiya ɗaya a faɗin ƙasa.

Aji ya koma dandali

A NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953, Malam Aminu bai sauya sana'a ba, ɗalibai kawai ya sauya. Yanzu teloli ne da mahauta da 'yan koli da manoma da almajirai. Laccocin jam'iyyar darasi ne: mene ne haraji na halal da wanda mai unguwa ya ƙara, yaya ake ɗaukaka ƙara, me doka ta ce game da aikin tilas, yaya ake jefa ƙuri'a. An yi amfani da waƙa da wasan kwaikwayo da hujjoji daga littattafan shugabannin jihadi, musamman na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu, don nuna cewa tambayar shugaba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ya buɗe makarantar Islamiyya mai tsarin aji, ya dage kan karatun mata da ba su damar zaɓe tun lokacin da faɗin haka ke jawo jifa. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU a Zariya, ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan tafarki.

Farashin ya yi tsada. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutane, ya tace su kafin a kai majalisa. An ɗaure magoya bayanta, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu. Sai a 1959 Malam Aminu ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya daga mazaɓar Kano ta Gabas, ya riƙe muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, ya kuma wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rasa kujerar a 1964.

Daga 1967 ya yi aiki a gwamnatin Janar Yakubu Gowon a matsayin kwamishinan sadarwa na tarayya, daga 1971 zuwa 1974 kuma kwamishinan lafiya. Wanda ya yi shekaru yana rubuta koke, sai ga shi a kujerar mai karɓar koke. Ya sauka bai tara dukiya ba, shaidar da har abokan hamayyarsa suka yi masa. Ya shiga aikin tsara kundin mulkin 1979, wanda a ƙarƙashinsa matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya karon farko.

A 1978 ya kafa PRP, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Jam'iyyar ta ci jihohin Kano da Kaduna, inda gwamnoninta, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. A 1980 gwamnatin Kano ta mayar da ranar 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Amma jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, gwamnonin biyu suka raba gari da shi. Wanda ya koya wa mabiyansa tambayar shugaba dalili, shi ma ya sha tambaya daga gare su, kuma rabuwar ta yi masa ciwo. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan shi ne Mambayya na yau, cibiyar Jami'ar Bayero ta nazari da horo kan dimokuraɗiyya.

Abin da ya rage wa na baya

Wasu daga cikin ƙofofin da suka rufe wa Malam Aminu sun buɗe. A watan Nuwamba na 2002, a shari'ar da ke ɗauke da sunan Balarabe Musa da hukumar zaɓe, Kotun Ƙoli ta soke tanadin da ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan jam'iyya, ko da yake ƙa'idojin aiki na ci gaba da taƙaita shiga harkar siyasa a fili, kuma tsarin mulki ya wajabta wa mai son takara ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki, bayan ƙungiyarsu ta daɗe tana bibiya a majalisa da ma'aikatu.

Wasu kuwa suna nan yadda ya bar su. Malamin firamare har yanzu albashinsa na rataye ne a wuyan ƙaramar hukuma, magajiyar En'e. A 2025 malaman firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi, yara na zaune a gida a ƙauyukan Kuje da Kwali da Abaji, tafiyar da ba ta da nisa daga sakatariyar tarayya.

Ga shugabannin ƙungiyoyi, tarihin Malam Aminu na nuna cewa yajin aiki shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba ya tasiri sai an riga an yi aikin da ba a gani: horar da ɗan ƙungiya ya san doka, ya karanta kasafi, ya rubuta koke mai hujja, ya shawo kan iyayen yara su tsaya tare da shi. Ƙungiyar da shugabanninta kaɗai suka iya magana, ana gamawa da ita a ɗaki guda. Ga jami'ai da hadiman masu muƙami kuwa, waɗanda takardun ƙungiyoyi ke bi ta teburinsu kafin su kai ga minista, tarihin na tuna musu cewa jami'an da suka rufe zauren taɗi na Bauchi, suka tura sakatarensa Maru, ba su kashe tambayoyinsa ba. Sun dai fitar da su daga ofis zuwa kasuwa, inda aka shafe shekara talatin ana amsa su da ɗauri da ƙuri'a.

Malam Aminu ya riƙe muƙamai da dama, amma ba a kiransa da ko ɗaya daga cikinsu. Har yau idan aka ce Malam a siyasar Kano, an san wanda ake nufi. Allah ya jiƙansa da rahama.